Da Me Aka Ƙunshe Abincinka?

Duk wanda ya san kasuwar Talata Mafara ranar cinta, ko tashar motar Bakura da la'asar sakaliya, ya san kusan babu abincin da ake miƙa wa mai saye tsirara. Mai ƙosai za ta yagi shafin tsohon littafin rubutu ta zuba masa, wani lokaci har da jan biron malami a jiki. Mahauci zai naɗe balangu cikin takardar nan mai ruwan ƙasa da muke kira takardar siminti, ya mayar da shi bisa waya ya ƙara turara. Alale kuwa ya daɗe da komawa cikin farar leda. Ga kuma baƙuwar da ta shigo daga baya, wato takardar alminiyam mai ƙyalli, wadda 'yan kasuwa ke kira foyil, masu gasa kifi da kaza suka rungume ta hannu biyu. Mai saye yakan tambaya ko naman na yau ne, yakan shinshina man suya, amma da wuya ka ji ya tambayi asalin takardar. Ra'ayina shi ne, abin da aka ƙunshe abinci mai zafi da shi yana cikin kayan haɗin abincin, daidai da gishiri da barkono, domin wani ɓangare nasa yana bin abincin zuwa ciki.

Kafin mu yanke wa kowane ƙunshi hukunci, ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa ake dafa abinci a ƙunshe. Nama da kifi da ƙullun wake duk yawancinsu ruwa ne. Idan suka ɗauki zafi sai ruwan ya zama tururi. In a fili suke, tururin ya tafi abinsa, abinci ya bushe, bayansa ya ƙone tun cikinsa bai nuna ba. In kuwa an rufe su, tururin ba ya samun hanyar fita, sai ya riƙa zagayawa yana dafa abincin ta ko'ina da ruwan jikinsa, ƙamshin albasa da citta ma ba su tsere ba. Akwai kuma wata hikima. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100 na ma'aunin santigirat, kuma muddin da sauran ruwa a cikin ƙunshi, zafin cikinsa ba zai wuce haka da yawa ba. Busasshiyar takarda kuwa sai ta kai wajen digiri 230 take kamawa da wuta. Shi ya sa takardar mahauci, wadda ta jiƙe da romo, take zama bisa garwashi ba ta ci wuta ba. Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibansa wannan cikin minti biyar: a naɗa takarda mai kauri kamar mazubi, a zuba ruwa, a riƙe ta bisa kyandir. Ruwan zai yi zafi, takardar ba za ta kama ba, domin ruwan yana kwashe zafin da zarar ya iso.

Kakanninmu ba su san lissafin digiri ba, amma sun san aikin. Tubani a ganyen masara ko na dawa ake ƙulla shi a turara. Ganyen kalgo ya daɗe yana ɗaukar daddawa da sauran kayan miya daga kasuwa zuwa gida. Fataken goro sun yi ɗaruruwan shekaru suna kawo huhun goro daga Gwanja cikin ganyen fita, ya yi wata da watanni a hanya bai bushe ba. 'Yan'uwanmu na kudu har yau suna alfahari da alalen ganye, kuma duk wanda ya ci ya san ɗanɗanonsa dabam ne. Ganye ba shi da tawada, ba a ƙera shi da wani sinadari ba, in an gama akuya ta cinye ko ya ruɓe ya zama taki. Aibinsa biyu ne kawai: yana son wanki sosai, musamman in daga gonar da aka yi wa feshi ya fito, sa'an nan da rani yakan yi wuya. Wannan na biyun ma bai kamata ya dame mu ba a nan, tunda madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, an tsara ta ne don ta shayar da kadada 23,000 tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura. Ƙasar da ake noman rani ba ta rasa ɗanyen ganye.

To, me ya sa muka bar shi? Sauƙi. Takarda da leda ba sa bukatar tsinka ko wanki, kuma ga arha.

Mu ɗauki takarda tukuna. Ita kanta ba abin tsoro ba ce, domin daga itace aka yi ta. A Faransa akwai tsohuwar hanyar girki ta naɗe kifi cikin farar takarda da aka yi musamman don abinci, a sa a tanda. Matsalar tana ga abin da aka rubuta a kan takardar, ko abin da ta ɗauko kafin ta iso hannun mai tsire. Tawadar jarida haɗi ce ta baƙin gawayi mai laushi da wani mai da ke riƙe shi, kuma sau da yawa man nan daga ɗanyen man fetur aka tace shi. Ɗalibin da ya yi darasin narkewa ya san ƙa'idar: mai yana narkar da ɗan'uwansa mai. Ƙosai mai zafi da ya fito daga kasko yana ɗigar man gyaɗa, idan ya kwanta bisa rubutu, man zai jiƙa tawadar ya ja ta. Ba sai an je ɗakin gwaji ba. Dubi ƙosan ƙasa, wani lokaci har za ka ga inuwar baƙaƙe a jikinsa. A wajen 2010 masu binciken abinci na birnin Zurik a ƙasar Suwizalan sun gano man tawada a cikin shinkafa da taliyar da aka adana a kwalayen da aka yi da tsofaffin jaridu, alhali abincin busasshe ne kuma ba zafi. Ina ga wanda ke da zafi da maiƙo? Hukumar kula da abinci ta Indiya ta yi gargaɗi a kan haka a 2016, daga baya ta haramta ƙunshe abinci da jarida a dokarta ta 2018.

Takardar siminti ta fi ba ni tsoro, saboda ba mu san tarihinta ba. Sunan ya samo asali ne tun lokacin da siminti, har da na Kalambaina a Sakkwato, ke zuwa cikin buhun takarda mai ninki uku ko huɗu. Mahauta masu lura sukan yar da ninkin ciki da ya taɓa siminti da na waje mai rubutu, su yi aiki da na tsakiya. Yanzu yawancin simintinmu a buhun roba yake zuwa, amma takardar ba ta yanke a kasuwa ba. Daga ina take fitowa ke nan? Wata buhun madarar gari ce ko na sukari, wannan da sauƙi. Wata kuwa ta ɗauko kayan masana'anta ne da mai sayar da ita ma bai san sunansu ba. A yankin da kowane manomi ke hulɗa da takin zamani da maganin ƙwari, bai dace a ɗora nama mai zafi bisa takardar da ba a san abin da ta taɓa ɗauka ba, balle a mayar da shi wuta a cikinta.

Na san amsar da za a ba ni: mun shekara nawa muna ci, wa ya mutu? Wannan amsa ba ta dace da bakin mutumin Zamfara ba. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, bincike ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka rayu da dalma a jininsu. Ba ƙunshin abinci ne ya jawo wannan ba, kada a fahimce ni a karkace, kuma tawadar jarida ba ta kama ƙafar waccan masifa ba. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne yadda gubar ta yi aiki: ƙurar ba ta da wari, ba ta da ɗaci, tana taruwa a jiki kaɗan-kaɗan, kuma yaro ne take fara kayarwa saboda ƙaramin jikinsa. Akwai guba mai kisa nan take, akwai mai bin bashi. Rashin faɗuwar mutum a gaban teburin mai tsire ba shaida ba ce.

Leda kuma an yi mata ƙarya, an kuma faɗi gaskiya a kanta. A 2016 ministan gona na lokacin, Audu Ogbeh, ya ja hankalin 'yan Nijeriya cewa dafa alale a leda na da haɗari, magana ta bazu cewa tana fitar da gubar nan dayoksin. A kimiyyance, dayoksin na bukatar sinadarin kulorin da kuma ƙonewa, farar ledar alale kuwa, wato foliyetilin, babu kulorin a ginin ta. Amma wannan bai wanke ta ba. Irin wannan leda tana fara narkewa ne tsakanin digiri 105 da 115, ga shi ana tafasa ta a digiri 100 har kusan awa guda, cike da manja ko man gyaɗa. Wato ana dafa ta a bakin iyakarta. Inda ta taɓa gindin tukunya kuwa ta wuce iyakar, shi ya sa ake samun wadda ta manne ta yamutse. A wannan hali sinadaran da aka haɗa mata a masana'anta suna samun sauƙin ratsawa cikin mai. Baƙar leda ta fi muni, domin sau da yawa daga tarkacen robobin da aka narke ake yin ta, baƙin launin yana rufe asalinsu. Zuba tuwo ko shinkafa da miya mai zafi a cikinta ganganci ne. Sauran laifinta kuwa kowane mahauci zai ba ka labari, don shi ke ciro dunƙulenta daga tumbin shanu da awaki. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017.

Saura foyil, wanda wasu ke ɗauka shi ne ƙarshen tsafta, wasu kuma ke yaɗawa a waya cewa yana haukata mutum. Duka biyun sun yi nisa.

Alminiyam, wanda Hausawa ke kira goran ruwa, shi ne ƙarfen da ya fi kowane yawa a ɓawon ƙasa, kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinsa. Yana cikin yumɓun da ake gina tukunya, yana cikin alif da ake tace ruwa da shi. Sai dai a ɗaure yake tamau da wasu sinadarai, shi ya sa sai a 1825 wani masani ɗan Denmak, Hans Christian Ørsted, ya fara ware ɗan kaɗan daga cikinsa. Ya ci gaba da zama abu mai tsadar gaske har 1886, lokacin da Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa ɗakin, suka gano hanyar ware shi da wutar lantarki. A 1910 aka fara murza shi ya zama takarda a Suwizalan, kuma cakulan na cikin abin da aka fara naɗewa da ita. Kaurin wadda aka fi girki da ita kimanin kashi 16 cikin 1000 na milimita ne. Sai ka jera kamar huɗu kafin su kai kaurin gashin kai. Duk da haka iska da haske da danshi ba sa ratsa ta, dalilin da ya sa ake rufe ƙwayoyin magani da ita, ake kuma shimfiɗa ta cikin fakitin madara da na gishirin zawo. Ba ta narkewa sai a digiri 660. Af, gardamar da ake yi kan wace fuska za a juya wa abinci, mai ƙyalli ko mai dushi-dushi, ba ta da tushe. A murzawar ƙarshe ana haɗa falle biyu ne don kada su yage, fuskar da ta taɓa ƙarfen murza ta yi ƙyalli, wadda ta taɓa 'yar'uwarta ta dushe. Wajen girki duk ɗaya ne.

Abin da ke kare alminiyam wani siririn ɓawo ne da ido ba ya gani, wanda ke samuwa nan take idan ƙarfen ya haɗu da iskar oksijin. Muddin ɓawon na nan, ƙarfen ba ya shiga abinci sai ɗan abin da ba a rasa ba. Abokan gabar ɓawon nan uku ne, kuma dukkansu suna madafarmu. Na farko tsami: tumatir, lemon tsami, tsamiya, yakuwa, zoɓo. Na biyu gishiri mai yawa. Na uku, wanda littattafan Turawa ba su cika ambata ba saboda ba su san miyarmu ba, shi ne kanwa. Yawancin ƙarafa tsami ne ke cinsu, amma alminiyam tsami na cinsa, kishiyar tsami ma, wato ajin su kanwa da toka da sodar sabulu, tana cinsa. A Jamus an sha samun alminiyam mai yawa a wani burodinsu da ake tsomawa a ruwan soda kafin gashi, idan an gasa shi bisa farantin alminiyam. Saboda haka tubani, wanda ba ya yiwuwa sai da kanwa, ba shi da wurin zama a cikin foyil. Ganyensa ya fi masa.

Yanzu a dubi yadda ake gasa tarwaɗa ko karfasar Bakolori a wuraren zamani: a tsaga kifi, a cusa masa markaɗen tumatir da attaruhu, a barbaɗa gishiri da dunƙule, a matse lemon tsami, a naɗe da foyil, a ɗora bisa garwashi. An tara tsami da gishiri da zafi wuri guda, wato duk sharuɗɗan da ƙarfen ke bukata don ya narke cikin romo. Shin wannan zai kashe mai ci? A'a. Hanji ba ya tsotsar ko kashi 1 cikin 100 na alminiyam da aka haɗiye, kuma lafiyayyar ƙoda tana fitar da mafi yawan wanda ya shiga jini. Zargin da aka yi tun shekarun 1960 cewa shi ke kawo cutar mantuwa ta tsofaffi bai tabbata ba har yau. Amma akwai iyaka. A 2011 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ya ƙayyade miligiram 2 a mako ga kowane kilo na nauyin jiki. Ɗalibi mai kilo 50 ke nan yana da miligiram 100 a mako, ƙanensa mai kilo 15 yana da 30 kacal, kuma cikin wannan kason ne za a lissafa wanda ke zuwa daga hatsi da shayi da ruwa da tukunya. Mai ciwon ƙoda kuwa ba shi da wannan rangwame ko kaɗan. Gyaran ba shi da wuya: a shimfiɗa ganyen ayaba ko na kabeji tsakanin kifi da foyil, a bar lemon tsami sai an sauke, kuma kada a ajiye ragowar abinci mai miya ya kwana a ciki. Dankali da rogo da masara da nama marar tsami, waɗannan foyil ya dace da su sarai.

Ga gwajin da kowace makarantar sakandare za ta iya yi ba tare da sayen komai ba sai foyil na 'yan nairori. A samu kofunan gilashi uku, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan tsamiya da gishiri, ɗaya jiƙon kanwa mai kauri da ɗumi. A saka yankin foyil a kowanne, a bar su a buɗe, a riƙa dubawa kullum har mako ana rubuta abin da aka gani: dushewar ƙyalli, ƙananan ramuka, ko kumfar iskar haidurojin a jikin wanda ke cikin kanwa. Kada a yi wannan da sodar sabulu, kada kuma a toshe kwalba, domin iskar na iya fasa ta. Wani gargaɗin da ya shafi samari masu gyaran wuta: foyil na ɗaukar lantarki, amma naɗa shi a madadin fis ɗin da ya ƙone gayyatar gobara ce, tunda aikin fis shi ne ya tsinke.

Akwai wani abu a harshenmu da ke bukatar lura. Tukwanen da maƙera ke zubawa daga narkakken goran ruwa muna kiransu tukunyar dalma, alhali dalma wani ƙarfe ne dabam, mai nauyi da guba. Sunan kuskure ne, amma wani lokaci yakan zama gaskiya. Wani bincike da aka buga a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya sami dalma tana fita daga cikinsu, saboda tarkacen da ake narkawa sun haɗa da sassan injin mota da makamantansu. Maƙerin da ya tsaya kan gwangwanin lemo da tsofaffin tukwane, ya guji tarkacen inji da na batir, ya yi wa al'umma aikin da ya fi na asibiti. Wannan magana, da ta takardar nama, ba sai an jira NAFDAC ta zo daga Abuja ba. Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera suna da faɗa a ji a kan mutanensu fiye da kowane jami'i. Idan mahautan gari suka haɗa kuɗi suka sayi sabuwar takarda marar rubutu a dila, abin da zai hau kan kowane ƙunshi kaɗan ne, kuma mai saye zai biya in an gaya masa dalili. Makarantu su ma su daina sayar wa masu ƙosai tsofaffin takardun jarrabawa.

Amfanin foyil da na fi so a ƙasarmu bai ma shafi taɓa abinci ba. Fuskarsa tana mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kanta, rana kuwa ba abin da muka fi wadata da shi. Tun a 1767 wani masani ɗan Suwizalan, Horace de Saussure, ya nuna cewa akwati mai murfin gilashi yana tara zafin rana har ya dafa abu. A shekarun 2000, matan Darfur da ke gudun hijira a sansanin Iridimi na ƙasar Cadi sun riƙa girki da murhun kwali da foyil, domin fita neman itace ya zame musu haɗari. Matan ƙauyukan Maradun ba sa bukatar a fassara musu wannan, ganin yadda rashin tsaro ya mayar da shiga daji. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana ƙera irin waɗannan murahu da na'urorin busar da amfanin gona, kuma ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a cikin Talata Mafara, ga kwalejin aikin gona a Bakura. Ba a rasa masu koyarwa ba.

Haɗa shi aikin yini ɗaya ne ga 'yan kulob ɗin kimiyya. A sa ƙaramin kwali cikin babba, a cika tsakaninsu da ɓuntun shinkafa ko tsofaffin jaridu (ga inda jarida ta dace), a manna foyil a bangon ciki da kuma marfin da za a jingina ya riƙa turo haske, a shimfiɗa baƙin faranti a ƙasa, a ɗora baƙar tukunya mai murfi, a rufe da gilashi. Akwatin da aka haɗa da kyau yana wuce digiri 100 da tsakar rana, ya dafa shinkafa ko dankali cikin awa biyu zuwa uku, ba hayaƙi, ba ƙonewa. Ruwan sha ma in ya kai digiri 65 ya ɗan jima a haka, ƙwayoyin cutar da ke kawo zawo sun mutu. Ba zai tuƙa tuwo ba, ba zai soya ƙosai ba, kuma ranar da hazo ya rufe ko hadari ya haɗu a watan Agusta sai a koma murhu. Amma daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da itace ya fi tsada rana kuma ta fi ƙuna, falle biyu ko uku na foyil za su iya ɗauke wa gida abincin rana, kuma in an kiyaye kwalin daga ruwa da gara zai kai wata rani.